Maraya Da Filin Ƙwallo



Akwai wata tambaya da nake son mu tattauna a wannan fitowa, wadda da jin ta wata za ta ce ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Magidanci ne ya rasu farat ɗaya, ya bar ɗa mai shekara goma sha biyu wanda duk unguwa an san shi da ƙwallo. Kwana huɗu da rasuwar, ana zaune ana amsar gaisuwa, sai aka hango yaron ya sulale ta bayan gida da takalminsa a leda, ya nufi fili. To me ya kamata a yi? A kamo shi a zane, ko a kau da kai? In ma an kau da kai yau, gobe idan an raba gado an raba 'ya'ya, wa zai ɗauki nauyin wannan ƙwallon? Kuma ma shin nauyi ne da ya hau kan wani?

Na san amsar da za ta fara zuwa bakin mafi yawanmu, domin ita muka saba ji a zaman makoki: “Wannan yaro ba shi da zuciya, ubansa ko kwana bakwai bai yi a ƙasa ba yana guje-guje.” Gwaggo ta faɗa, Inna ta tanka, uwar yaron kuma tana cikin ɗaki kunya ta kama ta a kan baƙin cikin da take ciki. Ni dai a wurina wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa, kuma zan faɗa miki dalilina.

Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba baƙi ba ne ga mutuwar fuju'a. Hanyar nan da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shigo Dutsin-Ma ta wuce Ƙanƙara, Allah kaɗai ya san iyayen da suka fita da safe a kanta ba su dawo ba, musamman ranar kasuwa da ake cika mota har saman but. Ga hawan jini da ke kayar da mutum yana tsaye a shagonsa. Ga kuma masifar 'yan bindiga: a ranar 18 ga Afrilu 2020 kaɗai, 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 47 a ƙauyukan Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai gidan da aka zuba masa tuwon dare.

Wanda ya yi jinya ya kan samu damar yin wasiyya, ya kira ƙanensa ya damƙa masa yara, iyali kuma su fara sabawa da rashinsa tun yana kwance. Mutuwar fuju'a kuwa ba ta ba da wannan dama. Da safe ya ce wa yaro, “In na dawo za mu je a ɗinke maka takalmin nan,” da La'asar an yi masa sutura. Takalmin yana nan a ɓarke a bayan ƙyaure.

Ki tsaya ki yi tunani, 'yar'uwa, me yaro yake rasawa idan ubansa ya rasu? Mu manya lissafinmu yana tafiya kan manyan abubuwa: cefane, kuɗin makaranta, kuɗin haya, wa zai aurar da 'yan mata. Yaro ba nan hankalinsa yake ba. Shi abin da ya sani da sunan uba shi ne ƙarar babur a ƙofar gida bayan Isha'i, da ledar tsire ko ƙosai ta ranar albashi, da muryar da ke tashinsa sallar Asuba, da faɗan da ake yi masa in ya yaga wandon makaranta a wurin ƙwallo, faɗan da a ƙarshensa ake tambayarsa, “To wa ya ci?” Waɗannan ƙananan abubuwa da ake maimaitawa kullum su ne suke gaya wa yaro cewa duniya tana nan daram, gobe za ta yi kama da yau. A rana ɗaya duk sun ɗauke. Gidan ya cika da baƙi, uwa ba ta iya magana, an kwashe kujeru an shimfiɗa tabarmi. Wuri ɗaya ne ya rage masa da bai canza ba: fili yana nan, duwatsun da ake kafawa a matsayin gola suna nan, abokansa suna nan, ana jiransa a lambarsa. Can ya tafi. Yaro ba ya iya zama cikin baƙin ciki yini guda cur kamar babba. Ya kan shiga ya fita, ya yi kuka yanzu, an jima ya yi dariya, da dare kuma ya jiƙa matashi da hawaye ba wanda ya gani. Duk malamar da ta taɓa koyar da maraya ta san haka.

Sai kuma abin da ke biyo baya. Bayan an watse, dangi su zauna a raba yara. Babban ya koma Kurfi wurin baffansa, na tsakiya a kai shi wurin kawu, ƙaramar ta zauna da uwa. Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi tafiya ce da ba ta kai awa ɗaya ba a mota, amma a wurin ɗan shekara goma sha biyu wata duniya ce daban. Ya rasa uba, sannan cikin wata guda ya rasa ɗakin kwanansa, da ajinsu, da ƙannensa, da ƙungiyarsu ta ƙwallo. Baffa kuwa, Allah ya saka masa, ya ɗauki ci da sha da sutura da makaranta, kuma a ganinsa ya gama sauke nauyi. In yaron ya kawo maganar fili sai a ce, “Kai yanzu ai ka girma, kai ne uban ƙannenka.” Wallahi wannan kalma tana da nauyi. Jiya yaro ne, yau an naɗa masa rawanin da ya fi ƙarfin wuyansa.

A nan zan ɗan ratse in tuna mana cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta, in kuwa uwar ta yi wani aure to kakar yara ta wajen uwa ce ke biye. Wato raba yara da ake yi tun uwa tana cikin takaba al'ada ce da kuma matsin rayuwa. Wani lokaci ba makawa, na sani. Amma sau da yawa da baffa zai aiko da buhun masara da kuɗin makaranta ya bar yaron a inda yake, da ya fi.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam ma sun bi wannan al'amari. Akwai wani bincike da aka yi a jami'ar Harvard ta Amurka ƙarƙashin William Worden da Phyllis Silverman, inda suka bibiyi yara 125 'yan shekara 6 zuwa 17 da suka rasa uwa ko uba, har tsawon shekara biyu, aka fitar da sakamakon a littafi a 1996. Daga cikin abin da suka gano, halin da wanda ya rage cikin iyaye yake ciki, da kuma yawan canje-canjen da suka afka wa rayuwar yaro ta yau da kullum, suna da babban tasiri kan yadda zai farfaɗo. Sun kuma lura cewa wasu yaran damuwarsu ba ta fitowa fili sai a shekara ta biyu. Ki duba wannan da kyau. A shekara ta biyu mu mun daɗe da naɗe tabarmi, har mun fara cewa yaro ya manta.

Tun kafin Harvard kuwa muna da abin koyi a gida. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya je gidan ya rungumi yaran yana hawaye, ya sa aka dafa wa iyalin abinci. Bayan kwana uku ya koma, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski. Ni wannan askin yana ba ni mamaki duk lokacin da na zo kansa a karatu. Uwa tana cikin jimami ba ta da sukunin duba kan yara, sai ga shugaban al'umma gaba ɗaya ya tuna da gashin kansu, ya mayar da su kan rayuwar yau da kullum da hannunsa. Abdullahi ɗan Ja'afar kuma ya ba da labarin yadda Annabi (SAW) ya wuce su suna wasa da 'ya'yan Abbas, ya sa aka ɗaga masa shi ya ɗora a gaban abin hawansa, ya shafi kansa ya yi wa 'ya'yan Ja'afar addu'a. A wurin wasa ya same shi, kuma bai ce masa maraya ba ya wasa ba.

Haka nan labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Yaro ne yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya gan shi cikin damuwa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha. Malamai sun ciro fa'idoji har sittin daga wannan ɗan gajeren hadisi. Wadda ta shafe mu a nan ita ce: abin da yaro ya ɗauka da girma, babba mai hankali ba ya raina shi. Tsuntsun Abu Umair ba ya cikin ci ko sha ko sutura. To ƙwallon ɗanki ita ce tsuntsunsa.

To amma fa kada ki ce Malama ta zo tana yi wa ƙwallo talla. Ni ce nake kiran suna a aji bayan La'asar, ni na san kujerun da suke zama wayam duk ranar da ake gasar unguwa-unguwa. Iyayen da suke ƙin ƙwallo suna da hujja. Lokacinta ɗaya da na Islamiyya. Tana cinye sallar Magariba, a ji kiran salla a ce saura minti biyar. A gefen wasu filayen ne yaro yake fara ganin wiwi da ƙwaya da sholisho, daga fili kuma a zarce gidan kallo har tsakar dare, daga can a koyi cacar wasanni ta waya. Ga 'yan damfara masu cewa za su kai yaro Turai, a sayar da gonar gado a ba su, su ɓace. Duk wannan gaskiya ne, kuma maraya ya fi kowa kusa da faɗawa ciki, tunda idon da ke kansa ya rufe.

Sai dai ki lura, duk abin da na lissafa a gefen fili yake faruwa, a inda babu babba. Hana yaro ƙwallo kuma ba ya hana shi zuwa, sai dai ya koya masa ƙarya. Zai ce an aike shi, ya ɓoye takalmin a gidan aboki, in ya ji ciwo ya ɓoye har ƙafa ta kumbura. Yaron da baffansa ya san sunan kocinsa, ya taɓa zuwa bakin fili ya tsaya da babur ko na minti goma ne, wannan yaron masu sayar da ƙwaya ma shakkar sa suke. Maganar lokaci kuwa abu ne na zama a daidaita. Islamiyyu da yawa ba sa karatu Alhamis da Juma'a, ga safiyar hutun boko. Koci ɗan unguwa ne, ana iya zama da shi a yi sharaɗi: wanda bai zo Islamiyya ba ba ya shiga wasa, kuma a tashi kafin Magariba. Na ga inda wannan sharaɗi ya yi wa hadda aikin da bulala ta kasa.

Akwai wani tsoro kuma da ya fi wannan zurfi, wanda uwa ba ta cika faɗa ba. Matar da mijinta ya fita lafiya aka dawo mata da gawa, zuciyarta ba ta ƙara yarda da ƙofar gida. Duk wanda ya fita gani take ba zai dawo ba, don haka sai ta tattara yaran ta rufe. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Kuma ba a ce fili ba ya kisa ba. Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola. Marc-Vivien Foe na Kamaru ya faɗi a Lyon ta Faransa a watan Yuni 2003. A watan Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya, suna wasa da Katsina United tamu. Duk ba su tashi ba.

Abin da ya kamata uwa ta ɗauka daga nan shi ne wannan. Binciken gawar Foe ya nuna yana da wani ciwo na kaurin tsokar zuciya, kuma irin wannan ciwo ana gadonsa. Saboda haka idan mijinki yana da ƙuruciyarsa ya yanke jiki ya faɗi ba ciwon fari ba na baya, ko kuma an taɓa yin irin haka a danginsu, to kafin yaro ya ci gaba da gudu a kai shi asibiti a gaya wa likita wannan tarihin, a duba zuciyarsa. Haka in yana suma, ko yana kukan ciwon ƙirji, ko numfashinsa yana ɗaukewa fiye da na tsaransa, ko yana da sikila. In ba a iya gwajin a nan ba za a tura ku Katsina. Kuɗin mota ne da na gwaji, kuma ya fi zaman zullumi. In likita ya ce lafiya lau, to ki yi masa addu'a ki buɗe ƙofa. Ajali ya sami mutane a kan katifarsu.

Wata za ta ce, ai ga su Ahmed Musa nan. Haka ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami a Jos, mahaifiyarsa ta riƙe shi, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya zo ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Sadio Mane yana ɗan shekara 7 mahaifinsa, wanda limami ne, ya rasu, a lokacin kuma babu asibiti a ƙauyensu Bambali na Senegal, a 2021 ya gina wa ƙauyen asibiti. A wasan zari-ruga ma, wanda Turawa ke kira rugby, wannan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, akwai Siya Kolisi na Afirka ta Kudu. Kakarsa ce ta raine shi cikin talauci a unguwar Zwide, wani malamin firamare mai horar da yara ya riƙe hannunsa, yana shekara 12 ya samu gurbin karatu kyauta saboda wasan, yana 15 mahaifiyarsa ta rasu. A 2018 ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙungiyar ƙasarsa, ya ɗaga kofin duniya a 2019 da 2023. Wasan ma ba baƙo ba ne a Arewa, don a Kano an daɗe da kafa ƙungiyar Barewa, kuma ba mamaki wata rana ɗanki ya dawo daga makaranta da labarinsa.

Amma ni ba na son wannan hujja, ko da yake ita ce take saurin shawo kan baffa. In don yaro ya zama Ahmed Musa za a bar shi ya yi ƙwallo, to an mayar da shi jari, kuma ranar da aka gane ba zai kai ba za a ƙwace takalmin. A cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a filayen firamare daga Dutsin-Ma har Kurfi, nawa ne za su taka ko filin Muhammadu Dikko na Katsina? Abin da na gani a labarin mutanen nan uku ya fi kuɗinsu: a lokacin da ƙasa ta tsage a ƙarƙashinsu, akwai wurin da ake jiransu kullum da yamma, akwai babban da zai tambaya in bai gan su ba. Wannan kuwa yaron da ko sau ɗaya bai taɓa cin gola ba ma yana samunsa.

Kada mu manta da 'yan mata. Ita yarinya ko tambaya ba a yi, ranar da uba ya rasu ranar aka ɗora mata tulu da goyo, wata kuma farantin talla. Gaɗar dandali ta mutu a garuruwa da yawa, carafke da 'yar gala-gala ma sai a ƙauye. In akwai wasan guje-guje a makarantarsu ta 'yan mata, cikin sutura da tsari, a bar ta ta yi. In babu, to a bar mata ko awa guda da ƙawayenta a tsakar gida wanda ba a aike ta ba, ba a ce ta riƙe ƙane ba.

Saura maganar wa zai yi. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta, kuma ko ta fita takaba, a garinmu mace ba ta zuwa bakin fili ta tsaya cikin maza. Amma abin da ke hannunta ba kaɗan ba ne. Ita ce za ta wanke jesi ta shanya, ita ce za ta ajiye masa ruwa da ɗan abin taɓawa, ita ce za ta gaji tambayar nan ta marigayi, “To wa ya ci?” ko da ba ta san gola daga ɗan baya ba. Ta saurari amsar har ƙarshe. Sau da yawa a tsakiyar labarin fanareti ne yaro zai ce, “Da Baba yana nan...” kuma daga nan maganar da ya kasa yi wata uku take fitowa.

Bakin fili kuwa aikin maza ne, kuma a nan ne nake son ki taimaka, ke da mijinki ne baffan ko kawun ko maƙwabcin. Ke kike da kunnensa da dare. Maza da yawa ba mugunta ce ke hana su ba, abin ne bai taɓa zo musu a rai ba. Ki ce, “Malam, yaron nan fa an ce ranar Juma'a suna da wasa, ko za ka biya ta wurin in ka taso daga kasuwa?” In an zo sayen kayan Salla, a tambayi yaron ko takalmin ƙwallo na gwanjo ya fi so a kan shadda ta biyu. Ƙungiyoyinmu na mata da ke raba wa marayu shinkafa da atamfa da azumi, babu laifi a cikin karo-karon a ware na ƙwallo guda biyu a miƙa wa kocin da aka yarda da tarbiyyarsa, a karɓi sunayen marayun da ke wurinsa, a kuma gaya masa cewa duk wata za a aiko a ji wanda ya daina zuwa.